Maƙwabcin Manaja

Ba kowace shekara ake samun matashi irin Mai Hangen Nesa ba, kuma in ka yi shakka shi da kansa zai tabbatar maka. Shekararsa ashirin da bakwai, yana da digiri biyu, kwat uku, da wata jakar hannu mai lambobin sirri wadda har yau ba a san abin da ke cikinta ba. Sunan ma a bakinsa aka tsince shi, don ba ya haɗa jimla uku bai ambaci hangen nesa ba. Ko shayi zai sha, sai ya bayyana maka hikimar zaɓen kofin.

Wani kamfanin rarraba magunguna ne ya yi sa'ar ɗaukarsa aiki a sashen tsare-tsare, ya tura shi reshensa na wani birni mai nisa da gida. Takardar ta zo da sharaɗi ɗaya: gwajin wata uku, in an gamsu a tabbatar da shi, in ba a gamsu ba a sallame shi. Hankalin mahaifiyarsa ya tashi, don shekara biyu ya yi yana zaman jiran aiki a ɗakin ƙannensa. Shi kuwa dariya ya yi, ya ce ai kamfanin ake gwadawa, a ga ko ya cancanci riƙe shi.

Ranar da ya kama aiki, jami'ar kula da ma'aikata, wata dattijuwa mai tabarau, ta miƙa masa makulli. Kamfanin yana da gini a bayan ofis inda ma'aikata ke zama, kuma akwai ɗaki da falo da ba kowa. Ruwa na zuwa, tafiyar minti biyar ce a ƙafa. Gwanin namu ya je ya duba. Ya ga igiyar shanya, ya ji ƙamshin girki, ya ga takalman yara a zube bakin ƙofar da ke kallon tasa. Ya dawo ya ajiye makullin da yatsu biyu.

"Ranki ya daɗe, mutum adireshinsa ne," ya ce. "Wanda ya kwana a bayan ofis, a bayan ofis zai ƙare. Ni inda manya ke kwana nake nema."

Dattijuwar ta buɗe baki za ta gaya masa wani abu, ya ɗaga mata hannu cikin ladabi, ya ce ya riga ya yi nazari. Sai ta ba wata budurwa shiru-shiru makullin, wadda aka ɗauke su rana ɗaya take kula da sito.

Bai tambayi kowa inda Manaja yake zaune ba, don tambaya aikin marasa basira ne. Bincike ya yi. Kwana uku a jere, da an tashi daga aiki sai ya ɗauki tasi ya bi baƙar motar Manaja mai duhun gilashi. Kullum sai ta ƙetare gada, ta hau tudu, ta shige wani katafaren gida mai farin get a unguwar masu hannu da shuni. Rana ta huɗu dillali ya samo masa ɗaki ɗaya a hawa na huɗu na benen da ke fuskantar gidan. Dillalin, da yake mai tsoron Allah ne, ya murɗa famfo ya nuna masa cewa ruwa ba ya hawowa nan. Mai Hangen Nesa ya ce shi ba shan ruwa ya kawo shi ba. Baranda yake so, kuma ga ta nan, faɗinta bai wuce na tabarma ba, tana kallon farin get ido da ido.

Daga nan aka shiga aikin gina makoma. Ƙarfe bakwai ya gama hawo da bokiti biyu, ya yi wanka, ya ɗaura nektai. Sai ya zauna a baranda da kofin shayi da wani ƙaton littafi da bai taɓa wuce shafi na tara ba. Tara saura kwata get ya buɗe, mota ta fito. Sai ya miƙe, ya rusuna, ya ɗaga kofi. Motar ta yi hon sau ɗaya ta wuce.

Wannan hon ɗin ya sha nazari. Ran da ya yi tsawo, Manaja ya ji daɗin aikinsa. Ran da ya yi gajarta, akwai matsala a hedikwata. Ya buga wa mahaifiyarsa waya ya ce ta kwantar da hankalinta, shi da Manaja sun zama ɗaya, ba ranar da ba sa gaisawa. Wata safiya da ake ruwan sama har ya sauko ya tsaya bakin get ba laima, ko za a sauke gilashi a ce ya shigo. Motar ta yi hon ta wuce. Ya koma sama a jiƙe, yana jinjina wa shugaban da ya san yadda ake gwada juriyar na ƙasa da shi.

Sai motar ta ɓace yake saukowa ya nemi bas. Bas biyu ne, ga cunkoson gada, don haka goma da rabi yake shiga ofishin da ake buɗewa ƙarfe takwas. Dattijuwa ta ja masa kunne sau biyu. Ya yi mata bayani a hankali, kamar mai koyar da yaro, cewa tare da Manaja suke fitowa, kuma ma'aikacin da ya riga shugabansa isa ofis bai san ladabi ba. A lokacin hutu yakan tsaya ƙofar sito ya tausaya wa budurwar nan da ta binne kanta a bayan ofis, ya ba ta labarin maƙwabcinsa. Ita dai sai ta ce Allah ya bar zumunci. Gaskiya mutanen ofis ba su kyauta ba da suka yi shiru, amma duk wanda ya fara magana hannu ake ɗaga masa, ga shi kuma nishaɗin kyauta ne.

Ran da wata uku suka cika, Manaja ya kira shi sama. Mai Hangen Nesa ya sa kwat ta uku, wadda ya ajiye don wannan rana. Manaja, wani gajeren mutum mai sanyin murya, ya ce aikinsa ba laifi a 'yan sa'o'in da yake yinsa, amma ko sau ɗaya bai taɓa zuwa a kan lokaci ba.

Gwanin ya yi murmushin waɗanda suka san juna. "Ranka ya daɗe, tsakanin maƙwabta ai ba sai an yi bayani ba. Kai ma ka san halin gadar nan."

"Wace gada?" in ji Manaja. "Shekara tara ina zaune a bayan ofishin nan, da ƙafa nake zuwa. Ƙofata ce ke kallon wadda ka ƙi."

Ashe takalman nan na 'ya'yansa ne. Farin get kuwa gidan mai kamfanin ne, wanda ke zaune a ƙasar waje. A can ake kwanar da motar saboda akwai gareji, direba kuma yana zaune a ɗakin baya, ba a bukatarsa sai ƙarfe goma. Manaja ya miƙo masa ambulan ɗin takardar sallama. Mai Hangen Nesa ya tuna mahaifiyarsa da ɗakin ƙannensa, ya karɓa ya fita. A matakala ya yi kiciɓis da mai kula da sito tana hawowa karɓar takardar tabbatarwa.

Manaja mutumin kirki ne. Ganin ya fito rungume da kwalin kayansa, sai ya sa a kai shi gida. Haka burinsa ya cika, ya shiga baƙar mota, har kujerar baya.

Sai da suka hau gada direban, wani dattijo mai furfura, ya dube shi ta madubi.

"Yallaɓai, ka yafe mini ranar ruwan nan, an hana ni ɗaukar fasinja," ya ce. "Shekara ashirin ina tuƙi, ba wanda ya taɓa rusuna mini sai kai. Gobe ma za ka fito barandar?"