Rasuwar Tanti, Raket ɗin Senami

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gwiwa mai ɗinki biyu, Senami Hounkpatin, tsohuwar 'yar wasan tanis ta nan Kwatano, ke sanar da 'yan uwa da abokan wasa rasuwar raket ɗinta, wadda kowa ya sani da Tanti. An tabbatar da rasuwar ranar Talata da hantsi a shagon Papa Gbaguidi, mai ɗaura wa raket tsirkiya. Shekararta goma sha ɗaya a hannu guda.

Marigayiya ba kyakkyawa ba ce, kada alhini ya sa mu yi ƙarya. Fentinta ya kankare, mariƙinta ya sha gumi har ya ɗauki siffar yatsun uwar ɗakinta. Amma ta je Abidjan, ta je Tunis, ba ta taɓa ba da kunya ba. A Dakar Senami ta fusata ta maka ta da ƙasa, aka ɗaga ta, ta ci mata wasan duk da haka. Kalmarta ɗaya ce, "fau", kuma wanda ke ƙetaren raga ba ya son jin ta.

Ciwon ajali ya faro ne wata tara da suka wuce, a Lome. Ana tsakiyar wasa tsirkiya ɗaya ta ce "ɗas". Senami ta sauya raket, ba ta yi minti biyar ba gwiwarta ta gurɗe, aka fitar da ita ranga-ranga. Duk ɗan sana'ar nan ya san in tsirkiya ɗaya ta tsinke, yanke sauran ake yi nan take, in ba haka ba su yi ta jan jikin raket har ya karkace. Papa ya faɗa mata, ya sake faɗa. Ta ce a bar mata kayanta yadda suke, wasan nan ba a gama shi ba. Ta ɗora Tanti a kan kabad, damina ta zo ta wuce a kanta.

Da aka ba Senami aikin horar da ɗalibai, ta karɓa da sharaɗin na wucin gadi ne, kafin ƙafa ta warke. Mun ga horon da idonmu. Ƙwallo take narka musu kamar ta sami abokan gaba, uku suka gudu ba sallama. Likita ya ce ta manta da gasa, ta ce likitan bai taɓa riƙe raket ba.

Ranar Talata ta sauko da Tanti, ta kai a ɗaura mata sabuwar tsirkiya, wai akwai gasa a Accra. Papa ya kwantar da ita a kan tebur, ta ƙi kwanciya daidai. Kan ya karkace, wuyan ya tsage.

"Ɗiyata, wannan ta daɗe da tafiya," in ji shi. "Ke ce kika hana a faɗa."

"Papa, ko wasa ɗaya?"

Almakashi ya miƙa mata. Mu da muka san ta tun tana yarinya, ranar muka fara ganin kukanta, kuma wallahi ya taɓa mu.

Marigayiya ta bar ƙanne biyar, wato sauran raket ɗin Senami, da tuni aka rabar, da jaka mai mataccen zip, da ɗalibai takwas da ba su taɓa jin muryarta ba. Kamfanin da ya yi ta ya daina yin irinta.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe bakwai na safe a filin tanis na biyu. Senami ce za ta yanke tsirkiyar da hannunta, daga tsakiya zuwa gefe kamar yadda ake yi, sannan a rataye gawar a bangon shagon Papa. Babu anko, babu makaɗa. Tana roƙon masu ta'aziyya kada kowa ya ce mata za ta dawo. Ƙarfe takwas ɗalibai za su shigo, ta tsaya gefen raga da kwandon ƙwallaye, ta riƙa miƙa musu a hankali, daidai inda za su iya mayarwa.