Yadda Na Yi wa Ruwais Dillancin Ɗan Wasa

A shekarun da nake horar da 'yan ƙwallon wata kwaleji a unguwar Bagdadiyya, doka ta hana mu tunkarar yaro kai tsaye, sai ta hannun waliyyinsa. Na ga wani saurayi, Hamza, yana buga ƙwallo da ƙafar hagu a bakin teku, na ce in Allah ya yarda ba zai kuɓuce mini ba.

Na sa farar jallabiya na tafi wurin mahaifinsa. Dattijon ya sunkuyar da kai don kunyar ɗan fari, ya ce, "Malam, wannan yaron ba ni da ta cewa a kansa. Je ka unguwar Ruwais ka ga baffansa."

Abokina Idi ya ce, "Ka san baffan kuwa?"

Na ce, "Halas, ya isa haka, Idi! Ni za ka koya wa magana da manya? Yalla, na tafi."

Na sami baffan a shagonsa. Ina shan shayi ina zuba yabo, har na miƙe na kwatanta bugun hagun, takalmina ya tashi ya faɗa buhun shinkafa. Ya ce, "Masha Allah! Wallahi ban san yana wasa ba."

Ashe shi ne sabon mai horar da 'yan Ruwais, abokan hamayyarmu. Ranar karawa Hamza, sanye da rigarsu, ya zura mana biyu da hagun nan.

Har yau in mun fito masallaci sai Idi ya ɗaga murya, "Dillalin Ruwais, yau wa ka samo musu?"