Zuciyar Aro

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kai wa likita zuciyar wani.

Ni dillalin shanu ne a Daura. Na san yadda ake tsayar da saniya mai ɗingishi a cikin yashi don kada mai saye ya gane (Allah ya yafe mana). To, sai zuciyata ta fara nata ɗingishin: ta buga, ta yi tsalle, ta yi shiru, jiri ya ɗebe ni. Matata Hajiya ta matsa, muka je Katsina wurin likita mai duba bugun zuciya. Ya manna mini wayoyi a ƙirji, ya rataya mini wata 'yar na'ura, ya ce in kwana in wuni da ita, za ta rubuta kowane bugu. In abin ya yi muni, sai a tsaga ni a dasa mini batir a ƙirji.

Batir! Na hango 'yan kara, kasuwarmu ta shanu, suna kirana Alhaji Mai Caji. Kuma, gaskiya, tsoron wuƙa nake ji.

Sai dabarar kasuwa ta zo mini. Na tafi Zango wurin abokin wasana Garba, ƙato, mai noma kamar ingarma. Na ɓare wayoyin na manna masa.

"Matsoraci," ya ce yana dariya. "Har zuciya ma aro kake yi?"

Washegari na karɓo na'urar, muka koma asibiti da Hajiya, ina taƙama. Likita ya daɗe yana kallon takardar da na'urar ta fitar, sannan ya cire tabarau.

"Alhaji, zuciyar nan tana tsayawa cak, ta jima, kafin ta tashi. Ba zan bar ka ka koma gida ba."

Hajiya ta fashe da kuka tana salati. Ni kuwa na shiga lissafi. In na yi shiru, a tsaga ni a kan ciwon wani, Garba kuma ya faɗi a gona. Da muryar da ni kaina ban gane ba na ce, "Likita... ba tawa ba ce."

"Mece ce ba taka ba?"

"Zuciyar."

Kukan Hajiya ya tsaya. "Alhaji, likitan ma sai da ka yi masa dillanci?"

Likita bai yi dariya ba, bai yi faɗa ba. Ya ce kawai, "Kira mai ita. Yanzu."

An dasa wa Garba batir, ya koma gonarsa, yana gaya wa duk Zango cewa tsorona ne ya cece shi. Tawa da aka auna daga baya, ba ma irin wadda batir ke gyarawa ba ce. Magani nake sha safe da yamma, likita bai yi mini alkawarin komai ba, kuma na daina shiga kara.

A kasuwa in ka ɓoye aibi, wani ne zai kora saniyar gida. A gaban likita, kai ne mai sayarwa, kai ne mai saye.