Yadda Ake Lissafin Tsere wa Gayyar Surukai

Idan ka bi matakan nan sau da ƙafa, na lamunce maka ba za ka taɓa gyaɗar surukai ba, bayanka kuma ba zai yi ciwo ba. Na ɗauko dabarar daga Isyaku na Kafin Dafga, wanda ya taɓa cin lissafi a sakandare, har yau bai bari an manta ba. Yana neman auren Sadiƙa, 'yar Malam Zaharaddini na Zoza, dattijon da ke auna suruki da aikin gona.

1. Raba ƙaryar gida biyu

Ranar gayyar cirar gyaɗa, gaya wa mutanen gida ka tafi Zoza. Mutanen Zoza kuma ka buga waya ka ba su uzuri. Sai ka wuce Karaye ka nemi inuwa da mai tsire.

2. Zaɓi uzuri mai nauyi

Ciwon kai ba ya hana gayya. Isyaku ya sassauta murya, ya shaida wa Malam Zaharaddini cewa gwaggonsa Maiturare ce Allah ya yi wa rasuwa.

3. Gano inda haɗarin yake

Asirinka ba zai tonu ba sai abu biyu sun haɗu: wani ɗan Zoza ya je Kafin Dafga ranar, kuma a ambaci sunanka. Ɗaya shi kaɗai ba komai ba ne. Mai ilimi ba ya tsoron abu sai ya ƙirga shi.

4. Ninka

Isyaku ya zana lissafinsa a bayan takardar tsire. Zuwan ɗan Zoza ana tsaka da kaka, ɗaya cikin goma. Ambaton sunansa, ɗaya cikin biyar. Ya ninka, ya samu ɗaya cikin hamsin. Hankalinsa ya kwanta, ya ce a ƙaro yaji.

5. Kada ka bincika ko na farko yana jawo na biyu

Malamin lissafi zai ce ba a ninkawa haka sai in babu ruwan wannan da wancan. Rabu da shi. Isyaku ma ya rabu da shi, ya manta cewa a ƙasar nan ba a jin rasuwa a gidan surukai a ci gaba da aiki. Malam Zaharaddini ya sallami gayya, ya cika mota da dattawa, suka nufi Kafin Dafga. Suka tarar da mahaifin Isyaku a ƙofar gida, suka yi masa ya haƙuri, ya ce haƙurin me. Gwaggo ta jiyo sunanta daga zaure, ta leƙo da ƙwaryar gyaɗa a hannu.

"Na gode da zumunci, Malam," in ji ta. "Yaushe na rasu?"

6. Koma gida a gajiye

Shafa ƙasa a wando, ka riƙe ƙugu. Haka Isyaku ya shigo bayan la'asar, ya tarar da su jere a tabarma, Gwaggo a gefe. Kunya ta rufe shi, ya durƙusa ya rasa wanda zai fara gaisarwa. Malam Zaharaddini ya miƙe ya gyara hularsa.

"Tunda mun zo ta'aziyya, ba ma koma da ita ba. Isyaku, maganar Sadiƙa, Allah ya ba ka haƙuri."

Dattawa suka ce amin.

Gargaɗi

Alkawarina na gyaɗa ne da ciwon baya, kuma duk na cika. Abin da ya same ka tsakaninka da surukai da gwaggonka, ba ruwana, kada a ambaci sunana a gaban mai unguwa.