Jatau da Igiyar Jarkoki

A ƙauyen Kwarin Gawo akwai wani magidanci ana ce masa Jatau. Shi dai yadda magana ta fito daga baki haka yake ɗaukarta, ba ya leƙa cikinta. Matarsa Tsahara ta daɗe da sallamawa. 'Yarsu ɗaya, Nusaiba, tana karatun kwamfuta a birni, kuma duk wanda ya gaisa da Jatau sai ya ji labarinta.

Wata rana Nusaiba ta zo hutu, Jatau ya tarar da ita tana ta danne-danne a kwamfuta. Ya ce, "Uwata, me ake ƙerawa?"

Ta ce, "Baba, jerin abubuwa ne da yawa, wani cikin wani, nake so su koma jeri guda. Ka ga kwanukan Inna? Sai a fito da kowanne daga cikin ɗan'uwansa, a jera su layi ɗaya."

Jatau ya ce, "An gama." Tsahara na fita unguwa ya kwashe kwanukanta kaf, ya jera tun daga bakin ɗaki har gindin dalbejiyar ƙofar gida. Kafin ta dawo mata sun taru, wasu na taya fanteka, wasu na salati wai aure ya mutu. Shi kuwa yana tsaye da ƙirji a gaba yana cewa, "Aikin kwamfuta ne, kada a taɓa."

Wata rana kuma Tsahara ta ce, "Malam, haɗa mini kayan miyan nan wuri ɗaya, hadari ya taso." Ya juye kuka da daddawa da barkono da kanwa a ƙwarya guda, ya sa hannu ya cuɗe. Sati guda gidan na cin tuwo da hawaye. Ya ce ai shi bai zubar da ko ƙwaya ba.

Wata rana rigima ta kaure a sabon famfon garin. 'Yan Gabas na da layinsu, 'yan Yamma na da nasu, baƙin da suka sauka a bayan gari su ma da nasu, kowa na cewa shi ne a gaba. Har aka fasa wa wata mata goshi. Mai unguwa ya dafe kai ya ce, "Ina ma wani zai ɗaure mini su, su zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya!"

Ashe Jatau na gefe yana ji. Da rana ta take kowa ya gudu inuwa, aka bar jarkoki suna tsaron layi. Sai Jatau ya kawo igiyar rijiya ya yi ta zurawa ta hannun jarkokin, ɗaya daga nan, ɗaya daga can, don bai san ta wane da ta wane ba.

Da aka dawo, sai ga layi ɗaya santal. Mai son tsallake wani sai ya kwance na gari duka, kuma ba mai wannan ƙarfin halin. Haka aka yi ta ɗiba daga gaba, 'yar Gabas na ɗora wa baƙuwa jarka a ka.

Mai unguwa ya ce, "Jatau, abin da ya gagari dattawa ka gama shi!" Tsahara ta rangaɗa guɗa, ta ce, "Ku faɗa da ƙarfi, mijina ne."

Jatau ya gyara hula ya ce, "Ranka ya daɗe, saura mutanen. Igiyar ce ta ƙare."