Ƙibar Kwana Ɗaya

Duk unguwarmu a Gashua babu rago kamar Ɗan Gata. Ba na layya ba ne, ɗan gida ne, har ƙofar masallaci yake raka ni. Ni kuwa a ganina, a harkar kiwo ba ni da na biyu. Wata Laraba na ƙirƙiro haɗi na musamman: jiƙaƙƙen gero, ragowar wake da ɗanyen ganye, na cika masa daro.

Washegari na tarar cikinsa ya yi tim. Na yi hamdala. Maiɗakina ta ce, "Malam, ragon nan fa ya daina tuƙa, sai nishi yake yi." Na ce nishin ƙoshi ne, ta bar wa masana aikinsu.

Na jawo shi ƙofar gida, na tara maƙwabta, har na fara karanto musu haɗin. Sai Baba Jauro, wani tsohon makiyayi daga Jakusko, ya tsuguna ya ƙwanƙwasa cikin da yatsa. Ya amsa kamar ganga.

"Alhaji, wannan ba ƙiba ba ce, iska ce. In ka kai azahar, sai dai wuƙa."

A adaidaita sahu muka garzaya wurin likitan dabbobi, maƙwabta uku na biye. Likita ya zura masa roba ta baki, ƙibar tawa ta fice fuuu, da warinta, a gaban shaidu.

Ɗan Gata ya warke sarai. Ni ne dai har yau in na zauna a majalisa, sai wani ya ƙwanƙwasa tumbina: "Alhaji, ƙiba ce ko iska?"