Ranar Da Na Kai Babur Bawku A Kan Zuciyar Katako

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na ɗauki babur daga Salaga na kai shi Bawku ba. Ko na so mantawa, mutanen gidan Alhaji Mumuni ba za su bari ba.

Bari ka san da wanda kake magana tukuna. Ni malamin firamare ne a Salaga, kuma tun ina sakandare nake fama da cuta guda: karatun littattafan soyayya, irin ƙananan nan da fatake ke haɗowa da huluna da turare daga Kano. Na karanta su har na koma kallon duniya da idonsu. A cikinsu saurayi ba ya miƙa kyauta haka kawai kamar mai miƙa kofin ruwa. Sai ya lulluɓe ta da mayafi, ya jira rana ta yi sanyi, ya faɗi kalmomi masu narkar da dutse, sannan ya yaye. Budurwa kuwa dole ta dafe ƙirji, hawaye ya gangaro (ɗaya tak, a kuncin hagu).

Zuwera 'yar Bawku ce. A bikin wata 'yar'uwata a Yendi na fara ganinta, tana rabon shinkafa, ni kuma na karɓi faranti biyu don kawai in sake tsayawa gabanta. Ta gama karatun ungozoma, aka tura ta wani ƙauye wajen Kulungugu, kullum tana fama da jiran tasi. Sai na saya mata babur, ɗan ƙarami ja irin na mata. Na san abin da za ka ce. Ɗaukar babur daga Salaga a kai shi Bawku daidai yake da ɗauko doya daga Bawku a kawo mana Salaga. Balle mahaifinta, Alhaji Mumuni, ya yi shekaru yana jigilar babura daga bakin iyaka kafin ya koma cinikin albasa. Amma ni so nake in goge abina da hannuna, kuma kada kowa a can ya ji ƙishin-ƙishin.

Akwai kuma wani dalilin. Manyana sun je neman aure, Alhaji ya karɓi goro, amma ya ƙi sa rana. Abin da ya ce musu shi ne, "Yaron yana da baki mai daɗi. Hannunsa ne ban gani ba." Daga baya ya aiko cewa a zo ranar Asabar a ji maganarsa ta ƙarshe, kuma a zo da ni. Na ƙudura a raina cewa ranar zai ga hannu.

Kawu Dauda, ƙanin mahaifiyata, shi ne wakilina, kuma shi ke da a-kori-kura. Bayan motar mun cika shi da doyar gaisuwar surukai, saboda haka babur sai a 'yar tirelarsa mai taya biyu, wadda yake ɗaurawa a baya.

"Ango, sai ka nemi waigi," in ji shi. "Ba irin wanda ake cusa wa tayar lori a gangare ba. Na moto, wato babur, kamar kwalbati yake, tayar gaba ke shiga ciki ta tsaya. Je wurin mai walda ya yi maka na ƙarfe. Ka auna masa faɗin tayar, ta shiga ta matse. A ɗaure shi a ƙasan tirela da noti. Kuma a gaba za a kafa shi, gaban tayoyin tirelar, moto yana kallon ƙeyar mota. Ka ji?"

Na ce na ji. Kunnena ya ji ɗin, amma zuciyata ta riga ta isa Bawku. Babur yana kallon ƙeyar mota? Ke nan idan aka buɗe ƙofar baya, abin da Zuwera za ta fara gani shi ne salansa. Na bi littattafan da na karanta ɗaya bayan ɗaya a kaina, ban tuna wanda jarumi ya gabatar da salansa ba.

Saboda haka ban je wurin mai walda ba, wurin kafinta na je. Na zana masa zuciya a takarda, na ce ya sassaƙa min ita da kauri, tayar gaba ta zauna a ɗan kwarin nan na samanta. Ya ce itacen maɗaci zai ba shi wahalar lanƙwasa, na ce ya yi da rimi (mai laushi kamar burodi, amma wa ya damu). Aka shafa jan fenti, aka bi da man ƙyalli har tana santsi. Da ta bushe na ɗauki farin fenti na rubuta baiti biyu a fuskarta.

"Malam," in ji kafintan, "wannan na bangon ɗaki ne ko na mota?"

Na yi masa murmushin tausayi, irin wanda ake yi wa wanda bai taɓa soyayya ba.

Da kaina na kafa ta can ƙarshen tirela, dab da ƙofar baya, da ƙusa huɗu. Na juya babur yana kallon baya, yadda da an buɗe fitilarsa ce za ta haɗa ido da Zuwera. Na lulluɓe shi da mayafi mai ruwan zuma. Da asuba Kawu ya zo ya zagaya tirelar sau biyu, ya ɗaga mayafin, ya sauke.

"Na faɗa sau ɗaya," ya ce. "Motonka ne, surukinka ne." Ya dai ƙara igiya biyu daga nasa, muka kama hanya.

Tun kafin Bimbila tirela ta fara kaɗa ƙugu kamar mai rawar bamaya ta Dagomba. Da Kawu ya ɗan taka mota sai ta yi dama, ta yi hagu, tana jan bayan a-kori-kurar da ita. Dole ya koma tafiyar hawainiya, har masu keke mai taya uku suna wuce mu suna ɗaga mana hannu. Duk sanda ya taka birki kuma, babur sai ya zame ya yi gaba, ya bar zuciyata can baya ita kaɗai, igiya ta yi sako-sako. Mu tsaya, in sauka, in mayar, in ɗaure. Kawu dai goronsa kawai yake ci.

A tashar Yendi muka tsaya cin waake, wato shinkafa da wake. Wani dattijo mai lodin kaya ya zo ya tsaya kan tirelar, ya sa hannu ɗaya ya girgiza ƙarfen da ya haɗa ta da mota.

"Masa, kai ba nauyi," ya ce min da Hausar tasha, wato maigida, gaban tirela ba nauyi. "Kaya duka ya tafi gindi. Kawo shi gaba, yanzu-yanzu na gyara." Sai ya leƙa ƙarƙashin mayafi. "Wannan kuma mene? Ganyen gwaza?"

Ganyen gwaza. Zuciyar da na kwana uku ina jiran fentinta ya bushe. Na ce masa na gode, amma cire ƙusa zai ɓata fenti. Ya dubi Kawu, Kawu ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Aure zai yi." Dattijon ya ce, "A'a, to, Allah ya ba da sauƙi," kamar an gaya masa ciwon da ba shi da magani.

Mun isa Bawku bayan la'asar, rana ta yi taushi, daidai yadda na tsara (na ɗauki wannan alamar sa'a). Alhaji yana zaune kan tabarma ƙarƙashin dogonyaro da abokansa uku. A filin ƙofar gida an baza albasa a kan tamfol tana shan iska, mata suna tsince ta. Lungun ya yi ƙunci, mota ba za ta iya juyawa yadda bayan tirela zai fuskanci ƙofar gida ba. Na roƙi Kawu ya kwance ta daga jikin mota mu juya da hannu. Da yatsa biyu na ɗaga gabanta, ba nauyi ko kaɗan (wannan ma na ɗauke shi alamar sa'a). Muka juya ta, Kawu ya jingina gaban a kan dutse.

"Kada ka hau bayan nan," ya ce, ya wuce wajen gaisuwa.

Na durƙusa na gai da Alhaji, na nemi izinin nuna wani ɗan abu. Ya ce bismilla. Aka kira Zuwera, ta fito da gwaggonninta biyu, tana rufe rabin fuska da gyale. Na kwance igiyoyin duka, don sun yi muni a ido. Na buɗe ƙofar baya. Na zura hannu na murɗa makulli don fitila ta haska ta cikin mayafi. Sannan na tuna cewa jarumi daga sama yake magana, ba daga ƙasa ba. Na ɗage babbar rigata, na taka na hau bayan tirela, kusa da babur.

Na gyara murya na ce, "Zuwera, tauraruwar da ta..."

Iyakar jawabina ke nan. Gaban tirela ya tashi sama a hankali, kamar raƙumi zai miƙe. Na ji ƙusoshin nan huɗu sun fita daga rimi, ba su ko yi gardama ba. Babur ya taho, ni ma na taho. Abin da kawai na iya shi ne na rungume shi da hannu biyu, muka sulalo tare, na faɗa rigingine tsakiyar albasa, shi a kaina, mayafi a fuskata. Gwiwar hannuna ta danne hon, ya kama ƙara bai daina ba, har awakin unguwa suka watse.

An yi hawaye kam. Nawa ne, ido biyu, saboda albasar da na markaɗe da bayana.

Zuwera ce ta fara isowa. Ta kashe makulli, ta kama kan babur ta miƙar da shi da motsi ɗaya, ta kafe shi, ta duba madubi, ta duba fitila. Sannan ta yaye mayafin daga fuskata.

"Malam, ka ji ciwo?" Kafaɗunta suna rawa, ta cije gefen gyale.

Na ce lafiya lau. Da abin ya tsaya nan da na gode Allah. Amma zuciyar katako ta gangara, ta bi ta tsakanin ƙafafun mutane, ta je ta kwanta a bakin tabarmar Alhaji. Ya ɗauka, ya juya ta, ya danna ɗan yatsa a itacen ya ga ya lotsa. Ya ciro tabarau daga aljihu, ya karanta da muryar mai sanarwa a masallaci:

"Nan tayarki za ta tsaya, ya Zuwera,
kamar yadda na tsaya gare ki, ba na motsi."

Ɗaya daga cikin abokansa ya ce, "Ai kuwa mun ga tsayuwa." Tabarmar nan gaba ɗaya ta kife da dariya, gwaggonni suka riƙe juna, masu tsintar albasa suka zauna a ƙasa. Na roƙi albasa ta rufe ni, ta ƙi.

Alhaji shi kaɗai bai yi dariya ba. Ya ce, "Wa ya yi lodin nan?"

Kawu ya buɗe baki zai rufa min asiri. Na riga shi. "Ni ne, Baba. An gaya min daidai a Salaga, an sake gaya min a Yendi. Ni na ƙi ji."

Ya ajiye zuciyar a gefe. Sannan ya ce wa Zuwera ta shiga zaure ta ɗauko tsohon waiginsa da akwatin sifana. Ta fito da wani baƙin ƙarfe mai tsatsa, mummuna ƙwarai.

"Tashi ka cire rigar," ya ce min. "Ba inda za a kai babur ɗin. So nake in ga ka kafa."

Aka mayar da tirela jikin mota. Alhaji ya tsaya kaina da sandarsa yana nuni. Ya sa na gwada bakin ƙarfen da tayar, ta shiga cif, ko yatsa ba ya wucewa. Ya sa na ja shi gaba, na ƙara ja, har nauyin babur ya zauna gaban tayoyin tirela. Ashe ramukan noti suna nan a ƙasanta tun da can, Kawu ya huda su da daɗewa, ban taɓa dubawa ba. Na kwanta ƙarƙashi ina ɗaure noti, Zuwera tana riƙe min sifana ta sama, tana raɗa min, "Ɗaya gefen, Malam, kwancewa kake yi." Muka tura babur ya shiga, na ɗaura igiya daga kansa zuwa kusurwoyin gaba, na ja har ya ɗan durƙusa. Alhaji ya kama shi ya jijjiga da ƙarfinsa. Tirela da mota suka motsa tare, babur bai ko gyaɗa kai ba.

Ya koma tabarma ya zauna, ya dubi Kawu.

"Malam Dauda, ya faɗi bai saki kayan 'yata ba, ya tashi bai ɗora wa direba laifi ba. Waƙar tasa dai sai haƙuri. Sati biyu bayan sallar layya, in Allah ya kai mu."

Gwaggonni suka rangaɗa guɗa. Ni ina tsaye da singileti, baƙin mai har goshi, ina warin miya, ina murmushi kamar wanda aka naɗa sarauta.

Har gobe ban daina karanta littattafaina ba, kuma ba na jin zan daina. Amma na koyi cewa abin da ke riƙe kaya a hanya ba kasafai yake da kyan gani ba. Na kuma koyi cewa idan masu sanin hanya suka gaya maka magana sau biyu, ka karɓa da hannu biyu. Ta ukun ƙasa ce ke faɗa, ita kuwa ba ta jan mutum gefe, a gaban surukai take magana.